Tafkunan Jos da Abin da Ya Kamata a Gaya wa Baƙo

Duk shekara, idan dogon hutu ya gabato, nakan tambayi ɗalibaina inda kowa zai yi nasa. Amsar ba ta cika sauyawa ba. Wasu za su ƙauye wurin kakanni, wasu za su zauna gida su taya iyaye jiran kanti, 'yan kaɗan kuma, waɗanda iyayensu ke da hali, sukan ambaci Dubai ko Landan. Da wuya a sami wanda zai ce Jos za shi. Idan na gaya musu akwai wuri a cikin ƙasar nan, tafiyar rabin yini daga Zariya a mota, inda mutum zai hau dutse da hantsi, ya shiga kwale-kwale da la'asar, da dare kuma ya nemi bargo na biyu, sai su dube ni kamar mai yi musu tatsuniya.

Ni ina cikin masu ganin ya kamata a riƙa zuwa Jos hutu, kuma ya kamata makarantu su riƙa kai ɗalibansu. Sai dai ina da sharaɗi guda. Duk wanda aka kai bakin tafkunan wannan ƙasa, a gaya masa gaskiyar yadda aka yi suka samu. Yawancinsu ba tafkunan asali ba ne. Ramuka ne da aka haƙa don neman kuza, aka tafi aka bar su, ruwa ya cika su. Masu tallar yawon buɗe ido ba su cika son ambaton wannan ba, suna tsoron kada baƙo ya gudu. A ganina sun yi kuskure.

Bari mu fara da ƙasar kanta, domin wanda bai taɓa zuwa ba ya san abin da ake magana a kai. Jos tana zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen tudu mai faɗi, wanda daga gare shi Jihar Filato ta sami sunanta. Garin yana sama da doron teku da kimanin mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. A gabashin garin akwai duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Wannan tsayi shi ne sirrin sanyin Jos. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da mutanen Sakkwato da Katsina ke kwana a waje suna fifita, mutumin Jos yana barci a ɗaki hankali kwance. A watan Disamba da Janairu kuwa, sanyin asuba yakan sa baƙo ya yi ta shawara da kansa kafin ya taɓa ruwan buta. Tudun yana kuma tare iskar damina mai zuwa daga kudu, ya tilasta mata tashi sama ta zubar da ruwa, har ana samun kimanin milimita 1,400 a shekara. Daga nan koguna da dama suke tasowa. Kogin Kaduna ya nufi yamma ya faɗa Neja, Gongola ya zagaya ya faɗa Binuwai, ruwan Dilimi kuma ya yi arewa maso gabas, hanyar Tafkin Chadi. Ke nan ruwan da ya sauka a kan tudu guda yakan rabu uku, kowane ya kama gabansa.

Wanda ya taho daga Abuja ta Akwanga zai ji hawan a kunnensa idan ya iso Hawan Kibo, inda hanya ke murɗawa tana hawa, manyan motoci suna nishi. Kusa da nan ruwan Assop yake zubowa daga kan dutse cikin wata 'yar kurmi mai sanyi. Gaba kaɗan, a Riyom, ga wasu manyan duwatsu nan a ɗore bisa juna, kai ka ce wani ne ya jera su da hannu, in an taɓa za su rikito. Wanda ya taho daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka kuwa, a hankali ƙasa take ɗaga shi. Kowace hanya ka biyo, da zarar ka hau saman tudun sai ka ga sarari ya buɗe. Itatuwa sun yi ƙaranci, ciyawa ta shimfiɗu, ga ƙauyuka da shingen ƙerana, ga gonakin acha da dankalin Turawa. Sannan ga ruwa. Ko'ina ka duba tsakanin Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, sai ka hangi tafki yana ƙyalli, wani shuɗi, wani kore, wani ja-ja, kusan kowane da tulin jar ƙasa a gefensa kamar ƙaramin tsauni.

Wannan tulin ƙasa shi ne shaida. Ƙasar da aka kwaso ce daga inda ruwan yake yanzu.

Kuza wani baƙin yashi ne mai nauyi wanda ake narkawa a fitar da farin ƙarfe mai laushi. Da shi ake shafe gwangwanin madara da na tumatir don kada su yi tsatsa, da shi kuma ake liƙa wayoyin rediyo da na sauran kayan lantarki. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar nan sun san shi. Maƙeran Liruwe suna narka shi, su zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Sawun waɗannan tsinkayen Turawan Kamfanin Neja suka biyo. A shekarar 1902 suka aiko a binciko musu tushensa, ba a daɗe ba kuma aka fara haƙa a bakin Dilimi. Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai. A 1914 aka gama shimfiɗa wata siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, a 1927 kuma babbar hanyar ta iso ta Kafanchan. Garin Jos da muka sani yau, kuza ce ta gina shi.

Kuzar tana kwance ne a gindin tsofaffin koguna da ƙasa ta binne tun zamanin da. Kafin a kai gare ta sai an yaye ƙasar da ke sama, wani wuri tsawon gaba goma ko fiye. Dubban leburori ne suka yi wannan aiki da diga da shebur da kwanon sarki, suna hawa suna sauka. Daga baya aka kawo manyan injunan haƙa da famfunan da ke feshin ruwa da ƙarfi su rushe bangon rami. Injunan suna bukatar wuta, saboda haka aka kafa kamfanin NESCO a 1929, aka datse ruwa a Kurra ana samar da lantarki. Tafkunan Kurra, waɗanda mutane da yawa ke cewa babu kamarsu a kyau a duk jihar, su ma ke nan 'ya'yan kuza ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwaso talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas. Da yawa sun zo daga ƙasa mai zafi ba su da ko bargo, abinci bai isa ba, sanyi da cuta suka kashe waɗanda suka kashe. Bayan 'yancin kai harkar ta yi ta ja da baya, har farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Kamfanoni suka naɗe tabarmarsu. An yi ƙoƙarin cike wasu ramuka a dasa itatuwan turare a kansu, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba. Ɗaruruwan ramuka suka rage a buɗe, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika su.

To, wani zai ce: mene ne amfanin ɗora wa mai hutu wannan dogon labari? Mutum ya tara kuɗinsa ya zo shan iska, me ya sa za a ɓata masa rai da zancen leburori da ramuka? Tambayar tana da ma'ana, na kuma ji ta daga bakin mutanen kirki masu son ci gaban Jos. Amsata ta farko ita ce, rashin sanin labarin yana kisa.

Tafkin asali, ko bakin kogi, yawanci a hankali yake zurfi. Ka shiga ruwa ya kai idon sawu, ka ƙara gaba ya kai gwiwa, sannan ƙugu, ga damar komawa idan ka ji tsoro. Ramin kuza ba haka yake ba. Mai haƙa bai haƙa don masu wanka ba, ya haƙa ne ya kai ga kuza da sauri, saboda haka bangon ramin a tsaye yake kamar na rijiya. Taku ɗaya daga gaɓa kana iya samun kanka a ruwan da ya fi tsayin bene. Saman ruwan yakan yi ɗumi da rana, amma ƙasansa sanyi ƙarara, irin sanyin da ke ɗaure wa gwanin iyo jijiyar ƙafa. A gindi akwai laka mai santsi da ke riƙe mutum, wani wurin har da tsofaffin ƙarafa da waya. Gaɓar ma ba abin amincewa ba ce, domin ƙasa ce da aka zuba, tana iya zaftarewa da damina. Mutanen yankin sun san wannan, sun sha rasa yara da dabbobi. Baƙo ne bai sani ba, shi kuwa baƙo, in ji Hausawa, ko da idonsa makaho ne.

Na ga wannan da idona. Wata shekara na kai ɗalibai talatin Jos. A rana ta biyu muka tsaya cin abinci a bakin wani tafki a kudancin garin, inda babu shinge, babu allo, babu kowa sai wani tsoho yana ban ruwa a gonar kabeji. A cikin ɗaliban akwai wani yaro ɗan Yawuri, wanda ya tashi a bakin Neja, ya iya ruwa kamar kifi. Kafin in waiwaya ya tuɓe riga. Sai muka ji tsawa daga gonar: "Kai yaro! Tsaya nan!"

Tsohon ya taho da sauri, riƙe da wata doguwar gora. Ya dube ni ya ce, "Malam, yaranka ne?"

Na ce, "Nawa ne, Baba. Sannu da aiki."

Bai amsa gaisuwar ba. Ya je bakin ruwan, daidai inda yaron ke shirin faɗawa, ya zura gorar. Ta shige, ta shige, har ruwa ya taɓa hannunsa, ba ta sami ƙasa ba. Ya zaro ta ya ajiye, sannan ya ce, "Yauwa, sannunku da zuwa." Ɗalibai suka yi tsit. Yaron ya mayar da rigarsa ba wanda ya ce masa kome.

Laifin nawa ne, ban ɓoye ba. Na karanta labarin kuza a littafi, amma ban taɓa haɗa shi da ruwan da ke gabana ba. Muka zauna da tsohon kusan awa guda. Ya gaya mana mahaifinsa ya ɗauki kwanon sarki a cikin wannan ramin, kuma kafin a haƙa shi, wurin gonar achar kakansa ce. Ya faɗi haka ba da fushi ba, yana nuna tsakiyar ruwan da haɓa, kamar mai nuna tsohon gidansu. Ɗalibaina sun manta abubuwa da yawa daga wannan tafiya, amma har yau idan na gamu da ɗayansu, zancen gorar nan yake fara yi mini.

Wannan ya kawo ni ga amsa ta biyu. Labarin ba ya rage wa wurin daɗi, ƙara masa yake yi. Ruwa mai kyau da dutse mai kyau akwai su a ƙasashe da yawa, idan hoto kawai ake so. Abin da Jos ta fi su da shi shi ne, kowane tafki yana da abin da zai gaya maka. Ɗalibin da ya tsaya a bakinsa yana kallon darasin labarin ƙasa da na tarihi da na tattalin arziki a wuri guda. Daga nan a kai shi Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya ga kawunan yumɓu na Nok. Su ma masu haƙar kuza ne suka tono su. An sami na farko a 1928 a ƙauyen Nok, da ke Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg wani kai da wani ma'aikacin haƙa ya kafa a gonarsa yana korar tsuntsaye da shi, ashe abin ya haura shekara 2,000. A harabar gidan akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, akwai kuma wurin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Yaron da ya ga ramin da safe, ya ga kan Nok da jirgin da rana, ba ya bukatar a tilasta masa haddace shekaru. Gani ya kori ji.

Akwai ma wani darasi da ya shafe ku kai tsaye, ku masu koyon Hausa. Ku duba sunayen wurare: Barikin Ladi, Gindin Akwati, Dogon Dutse, Farin Gada, Daɗin Kowa, Tudun Wada. Sunayen Hausa ne a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, Hausawa da Kanuri da Tibi da Ibo da Yarabawa da Urhobo, ga kuma 'yan ƙasa, kowa da harshensa. A bariki da kasuwa da bakin rami, Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kai. Tsohon nan mai gora, Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kamar yadda ba harshen uwar yawancin ɗalibaina ba ce, amma da ita ya ceci yaro, da ita kuma suka yi hira. Ban san wani gari da ya fi Jos dacewa da mai koyo ya gwada bakinsa ba. Ba wanda zai yi maka dariya don ka ce "ya" a wurin "ta". Mai sayar maka da karas ma wataƙila haka ta fara.

Amsa ta uku ta shafi ladabi. Wurin da baƙo ke kira wurin shaƙatawa, ga wani gonar gado ce da ta nutse. Mutanen yankin kuma ba su zauna suna kuka ba, sun mai da ramukan abin amfani. Da rani za ka ga injunan ban ruwa suna ta ƙara a gaɓa, ana noman tumatir da kabeji da karas da latas da koren wake, ana lodawa zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Wasu suna kiwon kifi, makiyaya suna shayar da shanu, matasa kuma har yau suna shiga ƙananan ramuka neman ragowar kuza, da ransu a hannu. Baƙon da ya san wannan ba zai taka kunyar kabeji don neman wurin ɗaukar hoto ba. Ba zai jefa leda da gorar ruwa a tafkin da ake shayar da abincinsa da shi ba. Zai yi sallama, ya nemi izini, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora ya biya shi, ya sayi kayan lambu a hannun wanda ya noma. Da ɗan gari akan ci gari. Hutun da kuɗinsa duka ya ƙare a babban otal da gidan mai, bai bar wa masu ƙasar kome ba sai shara, ni ban ga abin yabo a cikinsa ba.

Masu tsoron kada gaskiya ta kori baƙi su dubi Malesiya, wato tsohuwar Malaya, wadda ta fi mu haƙar kuza nesa ba kusa ba. A garin Taiping, tun 1880 aka mai da wani tsohon filin haƙa lambun shaƙatawa mai tafkuna, har yau kuma yana cikin wuraren da mutanen ƙasar ke alfahari da su. A kewayen Kuala Lumpur an gina wuraren wasa da otal-otal a kan tsofaffin ramuka, wani ma ba a sauya masa suna ba, ana kiransa da sunan mahaƙa. Ba su ɓoye asalin wurin ba. Abin da suka yi shi ne gyara: suka kwantar da gaɓa, suka dasa itatuwa, suka sa masu tsaro. Mu ma muna da abin da za mu nuna. Wurin shaƙatawa na Rayfield tsohon ramin kuza ne, ga shi mutane suna zuwa da iyalansu, suna shiga jirgin ruwa, suna zama a inuwa. Abin da ya hana a sami irinsa goma ba rashin ruwa ba ne.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin hukuma ba. A zaɓi tafkuna kaɗan waɗanda ke kusa da hanya, a auna zurfinsu, a gwada ruwansu. Gwajin yana da muhimmanci, domin dusar da ake zubarwa bayan an tace kuza tana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, kuma masana sun daɗe suna gargaɗi a kanta. Inda ya dace da wanka a zuba yashi a yi gangare, a kewaye da igiya. Inda bai dace ba a kafa allo a rubuta da Hausa da Turanci da harshen mutanen wurin, da hoton da wanda bai yi karatu ba zai gane. Kada kwale-kwale ya tashi sai kowa ya sa rigar kariya, ko da mutum ya rantse shi ɗan Sarkin Ruwa ne. A koya wa matasan ƙauyen aikin ceto da na jagora, su ne za su fi kowa iya ba da labarin. A gefen allon gargaɗi kuma a kafa wani, a rubuta wane kamfani ya haƙa ramin, a wace shekara, gonar wane ƙauye ce a da. Masu masauki a bakin ruwa su ma su daina jin kunyar kalmar "rami".

Ba zan rufe ido ga babbar damuwar iyaye ba, wato tsaro. Jihar da ke kiran kanta gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ta ga tashin hankali a cikin Jos a 2001 da 2008 da 2010, kuma a shekarun baya-bayan nan an sha kai hare-hare a ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu, an yi asarar rayuka masu yawa. Uban da ya ce ba zai bar ɗansa ya je ba, ba zan kira shi matsoraci ba. Malamin da zai kai yara dole ya tambayi halin da ake ciki a makon tafiyar, ba a watan da ya wuce ba. Ya yi tafiya da rana, ya kwana inda aka sani, ya fasa idan aka ce ya fasa. Akwai tafki na asali a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta kusa da Ampang, a ƙaramar hukumar Mangu, wanda na daɗe ina son kai ɗalibai su gani, su kwatanta shi da ramukan kuza. Sau biyu ina shiryawa ina fasawa, ban kuma yi nadama ba. Amma a kulle Jos gaba ɗaya a zuciya, a ce ba a zuwa, wannan ma asara ce. Yaron da bai taɓa cin gwate a gidan Birom ba, bai taɓa sayen tsire a Unguwar Rogo ba, abin da ya sani game da mutanen Jos duka daga labaran rikici ya samo shi. Irin wannan sani shi ke sa mutum ya girma yana tsoron wanda bai taɓa gani ba.

Ga wanda ya yi niyya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, dutse ba ya santsi, sai dai hazo yakan rufe nesa, sanyi kuma sai an shirya masa. Ni na fi son watan Oktoba, lokacin da ruwa ya fara ɗaukewa, ƙasa tana kore shar, sama ta wanke. A irin wannan lokaci, idan ka hau Shere da sassafe, za ka hangi madatsun ruwan Lamingo da Liberty a ƙarƙashinka, waɗanda garin ke sha daga gare su, ga Jos a shimfiɗe, can kudu kuma tafkunan kuza suna walƙiya ɗaya bayan ɗaya. A gindin duwatsun akwai makarantar horar da matasa ta Man O' War, wadda asalinta aka kafa a 1951 a gaɓar tekun Kamaru. Malamanta sun san hanyoyin dutsen, sun saba da ɗalibai, kuma gara a hau tare da irinsu da a hau da ƙarfin hali. A tafi da takalmi mai kama ƙasa, da rigar sanyi, da buhun da za a kwaso shara a sauko da ita.

Bana ma na rubuta wa shugaban makarantarmu takardar neman izini. Ya karanta jerin kayan da na nema, ya ga kuɗin mota, da na masauki, da hayar rigunan kariya talatin, duk bai ce kome ba. Da ya zo layin ƙarshe sai ya cire tabarau ya ce, "Malam, ita kuma doguwar gora ta mece ce?" Na ce masa zan saya a Bukuru, ba za ta yi tsada ba, kuma ɗalibai ne za su zura ta da hannunsu.